'Yan Kwana da 'Yan Jeka-ka-dawo

Nakan zauna ni kaɗai in yi ta laluben lokacin da na fara gane cewa makarantun gwamnati na birnin Kano ba su taru sun zama ɗaya ba. Ba a 1976 ba ne dai, shekarar da mai unguwa ya bi gida-gida shi da wani malami mai rungume da ƙaton littafi, aka tara mu a gindin dalbejiya da hantsi, aka ce kowane yaro ya ɗora hannunsa na dama bisa ka ya kamo kunnensa na hagu, wanda ya kamo ya isa shiga boko, wanda bai kamo ba ya koma gindin uwarsa sai baɗi. Na kamo.

A wannan lokacin boko guda ɗaya ce tak a duniya, ita ce tamu. Dogon gini mai azuzuwa a jere, rufin kwano sabo fil yana ƙas-ƙas in rana ta take, daɓen siminti da bai gama shan iska ba yana tashin wani wari mai sanyi wanda har yau in na wuce inda ake gini sai in ji gabana ya motsa. Ba a kawo benci ba tukuna, saboda haka a ƙasa muka zauna, gwiwa na gugar gwiwa, ɗan mahauci da ɗan alƙali da ɗan mai ga-ruwa da 'yar mai ƙosai da ni ɗan baduku, kowa da guntun alli a aljihu. Allon bango kuwa mu muke fasa mataccen batir mu kwaɓa baƙinsa da ruwa mu shafe shi, hannuwanmu su wuni su kwana ba su koma launinsu ba. Ƙararrawarmu tsohon wilin babbar mota ne rataye a reshe, monita ya doka masa ƙarfe a ji har bakin titi. In aka buga ta tara sai mu kwasa a guje zuwa gindin katanga inda masu talla suka jera farantansu, gurasa da ƙuli, hanjin ligido, ɗan tamatsitsi, goruba da magarya, ɗanwake yana tururi a cikin samira. Kwabo biyu ne kuɗin tarana. Ranar da Baba ya yi ciniki a Kurmi, sisi. Sule kuwa sai da salla.

Yaron nan da nake hangowa, mai gajeren wandon kaki da gafakar da ubansa ya ɗinka masa da ragowar fata, me ya sani? Ya san in an tashi zai tuɓe kayan boko, ya sha fura, ya ɗauki allonsa ya nufi zauren Malam, ya sake zama da waɗannan yaran dai da ya baro a aji. Tsammaninsa haka za a yi ta tafiya tare har a girma. Babu wanda ya gaya masa akwai ƙofofi a gaba, kuma ba kowa ake buɗe wa kowacce ba.

Adakar Yaya ce ta fara nuna mini. Ta ƙarfe ce, baƙa, da zanen jinjirin wata a murfi, an rubuta sunansa da farin fenti a gefe, wurin zamanta ƙarƙashin gadon Inna. Shi Yaya ya riga mu da nisa, elementarensa shekara bakwai ya yi, kuma shekarar da na kamo kunne ita ce shekarar da ya tafi makarantar kwana a wani gari. In hutu ya zo ƙarshe gidanmu yakan cika da ƙarar turmi, Inna tana daka yajin ƙuli har kowa ya yi ta atishawa, a auno garin kwaki, a narka man shanu a ɗura a kwalba a toshe bakin da tsumma, a naɗe sabulu da allura da zare a tsohon ɗankwali, duk tana yi fuskarta a ɗaure, ba ta ko duban inda yake, don ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba har ta koma ga Allah. Sai dai ta ce da ni, "Kai wa yaron nan, ka ce ya tsayar da ita kada ta zube." In aka buɗe adakar nan wani ƙamshi ke tasowa, na kafur da yaji da tsatsa da takarda. A wurina ƙamshin girma ke nan.

Yana ƙarshen aji biyu aka zo makarantarsu da wata sabuwar jarrabawa, aka tsinci 'yan kaɗan a cikinsu aka ce za su koma makarantar kimiyya. Biyu ne a jihar kaf, ɗaya a Dawakin Kudu ɗaya a Dawakin Tofa, an buɗe su a 1977 zamanin Kanar Sani Bello, da hukumarsu ta kansu daban da ta sauran makarantu. Yaya Dawakin Tofa ya faɗa. Baba bai san mece ce kimiyya ba, amma ya san duk sa'ad da ya kai ɗayanmu asibitin cikin gari, likitan da zai duba shi Ba'indiye ne ko Bamisire, sai an nemo mai yin tafinta kafin ka faɗi inda ke maka ciwo. Ya ajiye basillarsa ya yi shiru, sannan ya ce, "In dai nan ne za a riƙa yin namu, Allah ya sa albarka."

Hutun farko da ya dawo daga can, ni ban ƙara sanin wasan dare ba. Ina manne da shi. Ya zo da wani ɗan gwangwani mai kamfas da rula a ciki, da littafi mai kauri wanda a wani shafinsa an feɗe kwaɗo an sa wa kowane abin cikinsa suna. Yakan ba ni labarin ɗakin gwaje-gwaje, da shuɗiyar wuta mai fitowa daga bakin bututu ba hayaƙi, da wani ruwa da in an zuba masa wani sai ya koma ja, da warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke bin su har ɗakin kwana, da malamansu da suka zo daga ƙasashe masu nisa, da karatun dare a ƙarƙashin lantarki, kowa da littafinsa ba a haɗa biyu a ɗaya. Wata rana ya haɗa batir da guntuwar waya da ƙwan tocila a ɗakin Inna, abin ya kama, ta kalla ta wutsiyar ido ta ce, "Ku dai kada ku ƙona mini asabari." Yana yawan kukan gabza, wai tuwo ne da in ka jefi bango da shi sai ya dawo maka, miyar kuma sai ka leƙa ka ga fuskarka. Ni kuwa a lokacin ba abin da nake so a duniya irin in ci gabza.

Da daddare bayan lisha zaurenmu yakan zama majalisa, fitilar ƙwai a kan dakali, warin jima da na kananzir sun haɗu, Baba yana ɗinki yana saurare. Manyan 'yan majalisar biyu ne. Kawu tsohon akawun En'e ne, ɗan Midil, kuma bakinsa bai taɓa sabawa da cewa Rumfa ba ko da yake an daɗe da sauya sunan. Yakan ce tun 1927 take, Sarki Ado a bencinta ya zauna, marigayi Murtala ma haka, in ka bi salsala kuwa sai ka dangana da makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa ta 1909. Baffa, wanda ya yi muhuti a kotun alƙali, yakan bar shi ya kai aya, ya gyara zaman rawaninsa, sannan ya ce, "Alhaji, ku ai lissafin haraji aka koya muku. Mu aka danƙa wa amanar shari'a." Daga nan sai ya ɗauko tasa, Makarantar Shari'a da aka buɗe a 1934, da shehunan da aka ɗauko musu daga Sudan masu Larabci mai daɗin saurare, da yadda a 1947 ta koma makarantar nazarin Larabci wadda mu yara muka sani da SAS, da Malam Abubakar Gumi da ya yi karatu a cikinta. Ba su taɓa shiryawa a kan wannan magana ba, ba su kuma taɓa ɓatawa ba. Goro ɗaya suke fasawa.

Sai daga baya na fahimci a wannan zauren ake raba mu. Wani dare Baba ya ce, tun da ɗaya ya tafi kimiyya, sai a ba Larabci ɗaya. Wanda nake bi ke nan. Aka nema masa Kwalejin Horon Malaman Larabci ta Gwale, Baffa da kansa ya riƙe hannunsa ya kai shi, aka ɗinka masa fararen kaftani da hula. Shi kuwa yaro ne da jirgin sama yake zanawa a bayan kowane littafinsa, in ya ji ƙarar ɗaya ya taso daga filin jirgi sai ya bar cin abinci ya fita tsakar gida. Babu wanda ya tambaye shi. Ya yi nahawu da balaga, ya iya, yau in yana fassara a masallacin unguwarsu mutane har a waje suke shimfiɗa tabarma, kuma ban taɓa jin ya ce da ma ba. Amma na san in jirgi ya wuce har yanzu yana ɗaga kai.

Akwai wani da ya riga mu duka kamo kunne ranar nan ta mai unguwa, don ya fi mu tsawon hannu, amma ba a rubuta shi ba. Ɗan maƙwabtanmu ne, kurma, ba ya magana. Tare muke langa, tare muke ɗiban ruwa a famfo, ya fi kowa iya ƙera motar kara da langa-langa, amma in mun ɗauki gafaka da safe shi sai ya raka mu bakin lungu ya tsaya. Ana nan wani malamin makarantarmu ya gaya wa ubansa cewa gwamnati tana da makarantar kurame da makafi a Tudun Maliki. Uban bai yarda ba da farko, yana ganin wasa ake yi masa da hankali, bebe da karatu. Daga baya ya kai shi. Da ya dawo hutu muna zaune a ƙofar gida sai ya share ƙasa da tafin hannu, ya ɗauki tsinke, ya rubuta sunana, harafi bayan harafi, babu kuskure, ya ɗago ya dube ni yana nuna ƙirjina da yatsa. Duk shekarun da muka yi tare ban taɓa tunanin ya san ina da suna ba.

Uban ya taɓa goya ni a keke muka je masa ziyara, muka bi ta wajen Gidan Zu, ƙura tana shiga mini ido. Abin da ya tsaya mini shi ne filin ƙwallo cike da yara ana wasa kamar za a kashe juna, amma ba ihu, sai ƙarar ƙafa a ƙasa da numfashi, hannuwa kuma suna ta zuba zance a sama cikin sauri. A wata baranda na ga wani makaho sa'ana yana shafa farar takarda mai ƙuraje da yatsunsa, leɓɓansa suna motsi. Na matsa na leƙa, ban ga baƙi ko ɗaya ba. Shi kuwa karatu yake.

Sai almajirinmu, ƙolo ɗan gabas, mai wanke wa Inna kwanuka a ba shi ɗumame. Shi ba a ce ma ya kamo kunne ba, don babu littafin da sunansa zai shiga. Ya fi ni ƙarfin hadda nesa ba kusa ba, rubutunsa a allo da alƙalamin gamba abin a tsaya a kalla ne. Yakan ce in buɗe masa littafina na boko ya ga hotuna, ya sa yatsa a kan jirgin ƙasa ya tambaye ni me aka rubuta a ƙarƙashi. Bayan rikicin da ya faru a 'Yan Awaki a ƙarshen 1980 gari ya yi wa almajirai zafi, malaminsu ya kwashe su suka koma inda suka fito. Ƙoƙonsa ya daɗe a kife a bayan randa.

Wasu makarantun kuwa labarinsu kawai muke ji. Fedaral da ke hanyar Zariya, wadda aka buɗe a 1973, an ce akwai 'ya'yan kowace jiha a ciki, ɗan Kalaba da ɗan Ibadan da ɗan Sakkwato gado kusa da gado, kuma jarrabawarta daban take da fom ɗinta da ake saye. A lungunmu babu wanda ya san watan da ake sayar da shi. Ɗan alƙali ne kaɗai ya sani, ko in ce ubansa, kuma can ya tafi. Akwai Kafital ta 'ya'yan manyan ma'aikata da ake saukewa a mota, akwai ta barikin soja a Bukabu, akwai Kamasha a Goron Dutse inda in ka wuce za ka jiyo tafireta suna ta ƙwas-ƙwas.

Namu rabon ya zo a 1982. Daren jarrabawar Kwaman Malam ya yi mana rubutu muka sha, Baba ya feƙe mini sabon fensir da wuƙarsa ta yankan fata, ya feƙe shi da kyau har ina jin tausayin rubutu da shi. Bayan watanni aka liƙa sunaye a bangon ofishin hedimasta, takarda mai shuɗin rubutu tana warin sifirit, muka yi cincirindo, na gaba suna karanto wa na baya. A wannan hantsin aka tankaɗe mu yadda Inna take tankaɗe gari, wannan ya wuce, wannan ya tsaya a kan rariya. Wasu Rumfa, can bayan badala. Wasu makarantun kwana na ƙauyuka. Ɗaya aka ce ma wata jiha za a kai shi cikin shirin musayar ɗalibai na jihohin Arewa, uwarsa ta yi ta kuka. Na bi layi da yatsa har na ga sunana. A gabansa an rubuta makarantar jeka-ka-dawo.

Ban yi kuka a wurin ba. Na dawo gida na wuce ɗakin Inna na zauna a bakin gado, dugadugaina suna taɓa inda adaka take zama. Ba za a saya mini tawa ba, ba za a daka mini yaji ba, babu wanda zai yi kewata balle in dawo hutu a ce na rame. Baba da ya ji cewa ya yi alhamdu lillahi, ga mai taya shi yankan fata da safe.

Amma wadda ya kamata a yi wa kuka ranar ba ni ba ne. 'Yar Gwaggo ajinmu ɗaya tun daga ɗaya har shida, kuma ba ta taɓa barin na ɗaya ga kowa ba. Da farantin gyaɗa take zuwa, ta ba mai gadi ajiya, in an tashi ta ɗauka ta wuce talla, shi ya sa kafin malami ya gama rubuta lissafi a allo ita ta gama shi a ka. Sunanta ya fito a makarantar 'yan mata ta Dala. Ubanta ya ce 'ya mace ba ta kwana a wani wuri sai gidan ubanta ko na mijinta. Hedimasta ya yi ta zarya a zaurensu, ya kawo misalin 'yan makarantar Shekara da na WTC da suka fito suka zama malamai da ungozomomi, ba a ji ba. Kafin wata damina an kai ta ɗaki. Inna ba ta ce uffan ba, ba huruminta ba ne, amma ta karɓi takardar shigar yarinyar daga hannun Gwaggo ta ninke ta sa a ƙasan kwallarta, ƙarƙashin tasoshin da ba a taɓawa.

Makarantar tawa ba ta da ginin kanta tukuna. Aron azuzuwan wata firamare aka yi mana, su su yi safe mu mu yi rana. Mukan shiga bayan azahar ta gabato, ajin yana nan da zafin jikin waɗanda suka fita da ɓawon rakensu a ƙasa, kwano yana zubo wuta daga sama, barci yana fizgar kowa. Duk da haka a nan na haɗu da malamin da ya fi kowa a rayuwata, mutumin Gana, mai koyar da lissafi, mai farar riga gajeren hannu da asuwaki a aljihu, yana Hausa irin ta Zangon Kumasi mu yi ta murmushi. Shi ya fara sa na ga cewa lissafi ba hadda ba ne, dalili ne, in ka bi shi sannu zai kai ka. Bai cika shekara da mu ba. A farkon 1983 aka ba baƙi wa'adin barin ƙasa, ranar wata Litinin muka zo ba shi, ya bar wa monita ƙaton kamfas ɗinsa na katako da rula. Muka ƙarasa shekarar nan babu malamin lissafi, in lokacinsa ya yi sai monita ya rubuta sunayen masu surutu, har aka turo mana ɗan bautar ƙasa wanda ba lissafi ya karanta ba.

Da muka koma namu ginin aka sauke mana wasu manyan akwatunan katako da rubutun wata ƙasa a jikinsu, aka ce injinan koyon sana'a ne na sabon tsarin da ya raba sakandare gida biyu, uku a ƙasa uku a sama. Ta tsagar katako mukan leƙa mu hango ƙarfe mai sheƙi a naɗe da takarda mai maiƙo, mu shaƙi warin giris. Ba a ja mana wuta ba, ba a kuma turo wanda ya san su ba. A kansu muke zama mu sha rake.

A ƙarshen aji uku aka sake wata rabawar. Na zauna jarrabawar kimiyya da dukan zuciyata, da gwangwanin Yaya a gabana, ban samu ba. Na daɗe ina ganin kaina ne bai kai ba. Yanzu da furfura ta fito nakan ce wa yaron nan ya sassauta wa kansa, don takardar nan ba kaifin kai kaɗai ta auna ba, ta auna har da wanda ya samu malami da wanda bai samu ba, wanda ya yi karatun dare da lantarki da wanda ya yi yankan fata da safe ya shiga aji da rana tsaka. Gwamnati ɗaya ce ta gina makarantar Yaya da tawa, babu uban da aka ce ya kawo fam ko sule kafin a rubuta ɗansa, kuma ina gode wa waɗanda suka yi tunanin Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, don na ga abin da suka haifar a cikin gidanmu. Sai dai ƙofar da ka fara shiga ita take yanke wadda za ka iya ƙwanƙwasawa gaba, kuma mu muna 'yan shekara goma sha biyu aka tura kowa tasa.

Ɗan mahauci Takanikal aka ba shi, muna yi masa kallon wanda aka rage wa daraja don zai riƙa sa shuɗiyar rigar aiki yana warin baƙin mai. Shi ya riga mu duka gina gida. Ɗan mai ga-ruwa aka tura shi horon malamai a Wudil, ubansa ya yi ta murna har da rabon goro, ya fito da Giredi Tu ya koma ajin firamare, kuma a hannunsa 'ya'yana biyu suka koyi haɗa baƙi. In na je ɗaukarsu nakan tsaya daga bakin taga in ji yana jan wasali da irin muryar malamanmu na da, yara sun cika ajin har bakin ƙofa. Ni na ƙarasa a jeka-ka-dawo. Abin da ta ba ni shi ne garin kansa, don a ƙafa nake zuwa in dawo, ta lunguna da bakin kududdufai da rumfunan maƙera, in na samu sarari in ratse laburare in zauna ƙarƙashin fanka har a kore mu. A wannan tafiyar na fara tsara zance a raina.

Ƙanwata, autarmu, ita ma jeka-ka-dawo ta yi, ta 'yan mata, kuma ni nake koya mata lissafi da daddare da ɗan abin da mutumin Gana ya bar mini. Da ta kai aji uku ta zauna jarrabawar da ta kayar da ni, ta ci. Aka ba ta makarantar kimiyya ta 'yan mata da ke Taura, lokacin ba a yanke Jigawa ba, amma duk da haka a wurin Baba Taura bayan duniya ce, sai an wuce Ringim. Ya ce a'a. Kawu ya zo ya yi magana, Baffa ya kawo hujja daga littafi, wannan karon bakinsu ɗaya. Yaya ya taso daga Zariya inda yake karatun likita, ya durƙusa a zaure ya ce, "Baba, matan da ke mutuwa wajen haihuwa don ba sa yarda namiji ya duba su, wa zai duba su?" Baba ya ci gaba da ɗinkinsa.

Da daddare ina kwance a soro na ji Inna ta sauke tasoshinta ɗaya bayan ɗaya, abin da ba ta yi sai za a yi biki. Ta fito da takardar nan ta 'Yar Gwaggo, ta yi ja, ninkin ya kusa tsagewa, ta ajiye a gaban Baba kusa da fitila. Muryarta ƙasa-ƙasa, amma na ji. "Malam, wannan na ajiye ta ne don ba ni da iko a kanta. Kada ka sa in ajiye ta biyu."

Washegari bai ce ya yarda ba. Ya dai kira ni bayan ya dawo daga masallaci ya ƙirgo kuɗi ya ce in je Kurmi layin masu adaka in zaɓo mai ƙwari, in tsaya a rubuta sunanta a gabana kada a yi kuskure. Na zaɓo shuɗiya. Gidan ya sake cika da ƙarar turmi da atishawa, kuma da yake auta ce ba ɗan fari ba, wannan karon Inna tana daka tana kiran sunanta tana yi mata faɗa a kan wanki da salla da kula mutane. Ranar tafiya ni na yi gammo na ɗora adakar a ka zuwa inda za mu sami motar tasha, ƙanwata tana gaba da sabon bokiti da tsintsiya, tana sauri ko waiwaye ba ta yi. Inna ta biyo mu har zaure, iyakar inda take tsayawa, ta ɗaga murya ta ce, "Kai, daidaita kanka mana, akwai man shanu a ciki!"